Allon haruffa bai isa a ce an gwada ido ba

Ƙanen wani abokina yana da shekara 26 lokacin da muka fara yi masa dariya a kan yadda yake bugun ƙyaure da kafaɗa. Ƙofa a buɗe, ga fili, amma sai ka ji ƙwas, ya tsaya yana murza wurin. In ka nufo shi daga gefe sai ya zabura kamar ka faɗo daga sama. Mu a lokacin mun ɗauka garaje ne da rashin natsuwa, shi kuma ya ɗauka gajiya ce. Yana yawan ciwon kai, amma wane matashi ne mai aiki a gaban kwamfuta ba ya kukan ciwon kai? Sau biyu ya je aka duba masa ido. Duka biyun an zaunar da shi gaban allon nan mai haruffa manya a sama, ƙanana a ƙasa, ya karanta kusan har layin ƙarshe. Aka rubuta masa tabarau mai ɗan ƙarfi kaɗan, aka ce ya rage kallon waya da daddare.

An fi shekara ana haka. Ranar da abin ya fito fili, wani abu ne ya faɗa masa a ido ɗaya, ya rufe shi da tafin hannu, sai ya ga rabin ɗakin ya ɓace. Mai duba ido na uku da ya je wajensa bai yi wani abin mamaki ba. Ya zauna daf da shi, ya ce ya rufe ido ɗaya ya kalli hancinsa, sannan ya riƙa kawo yatsu daga gefe yana tambaya ko ya gani. Bai gani ba. Cikin kwanaki aka ɗauki hoton ƙwaƙwalwa, aka ga ƙari zaune a ƙarƙashin mahaɗar jijiyoyin gani yana danna su.

Tun daga lokacin nake da ra'ayi guda wanda nake maimaitawa har mutane sun fara gajiya da ni: duk gwajin idon da ya tsaya a karanta haruffa, ba a gwada ganin gefe ba, ba a leƙa cikin idon an ga bakin jijiya ba, rabin gwaji ne. Kuma matasa su ne suka fi cutuwa da wannan rabin gwajin, domin su ne ba a zaton komai a kansu.

Allon haruffan nan wani likita ɗan ƙasar Holan mai suna Herman Snellen ne ya ƙirƙiro shi a 1862, kuma abu ne mai amfani ƙwarai. Sai dai abin da yake aunawa shi ne kaifin gani a tsakiya, wato ɗan wurin nan da kake kafa wa ido in za ka zura zare a allura. Wannan wuri ƙarami ne matuƙa idan aka kwatanta da faɗin abin da mutum yake gani. Idan idanu biyu suna buɗe, ganin mutum yana kai kusan digiri 180 daga dama zuwa hagu, har ya ɗan wuce. Da wannan faɗin ne kake tsallaka titi, kake lura da yaro ya rugo daga gefe, kake kauce wa ƙyaure ba tare da ka kalle shi ba. Abin da muke cewa gani ta wutsiyar ido ke nan. Mutum zai iya rasa babban kaso na wannan, ya kuma zauna gaban allo ya ci 6/6, wato makin lafiyayyen ido, a sallame shi a ce idonsa garau.

Kuma gaskiya ne idon garau yake. A nan gizo yake saƙa. Ido kamar bakin ƙofa ne kawai, haske ya shigo, sai jijiya ta ɗauki saƙon ta kai shi can ƙeya, inda ƙwaƙwalwa take mayar da shi hoto. Kowace jijiyar gani tana ɗauke da zaruruwa sama da miliyan ɗaya. Jijiyoyin biyu suna fitowa daga bayan idanu, su haɗu a tsakiyar kai, a ƙasan ƙwaƙwalwa, inda kusan rabin zaruruwan kowane ido suke tsallakawa ɗaya ɓangaren. Waɗanda suke tsallakawar su ne masu ɗauke da ganin gefen waje. To, a ƙarƙashin wannan mahaɗa, tazarar kamar santimita ɗaya, akwai wata 'yar halitta da ake kira fituwitari, girmanta bai wuce ƙwayar wake ba, ita ce take ba wa sauran gaɓoɓi umarni ta hanyar sinadaran da take zubawa a jini: girma, haila, nono, sha'awa, jure wahala. Idan ƙari ya tsiro a kanta, gefe da ƙasa ƙashi ne da manyan jijiyoyin jini, hanya mafi sauƙi ita ce sama. Da ya wuce santimita ɗaya ya ci gaba, sai ya taɓo mahaɗar, ya fara danne zaruruwan da suke tsallakawa. Idon dama ya rasa gefen dama, na hagu ya rasa gefen hagu.

Abin da ya sa mai ciwon ba ya ankara shi ne idanun suna rufa wa juna asiri. Gefen da idon dama ya rasa, na hagu yana ganin wani sashe nasa ta wajen hanci, haka ma ɗayan. Sannan wurin da ya ɓace ba ya zama baƙi, kamar yadda bayan kanka ba ya zame maka baƙi, ba ka dai ganinsa ne kawai. Kowane ido ma yana da wani ɗan gurbi da ba ya gani tun haihuwa, daidai inda jijiya ta fita, wanda wani Bafaranshe mai suna Mariotte ya gano tun ƙarni na 17, amma ƙwaƙwalwa tana cike shi ba tare da ka sani ba. Ƙwaƙwalwar da ta saba wannan ɗinki ba za ta zo ta ce maka ga rami ba. Shi ya sa in aka tambayi irin wannan matashi me ke damunsa, abin da zai ce shi ne idona yana gajiya, ko ina gani dishi-dishi, ko kawai akwai abin da ba daidai ba. Mai duba ido in ya auna, da wuya a rasa ɗan abin da tabarau zai gyara, domin mutane ƙalilan ne idonsu yake daidai cif. Sai a ce an gano matsala. An bar jaki ana dukan taiki.

Akwai hanya ta biyu da ƙari yake cin gani, ko da yana nesa da jijiyar. Ƙoƙon kai akwati ne da ba ya buɗewa. A cikinsa akwai ƙwaƙwalwa da jini da wani ruwa garai-garai da jiki yake samarwa kusan rabin lita a kowace rana, yana zagayawa yana fita. In ƙari ya girma, ko ya toshe magudanar wannan ruwa, matsi sai ya taru a cikin kai, ya bi ta kuben da ya lulluɓe jijiyar gani har zuwa bayan ido, bakin jijiyar ya kumbura. Wannan kumburin ana ganinsa da ido. Hasali ma, bayan ido shi ne wurin da likita zai leƙa ya ga jijiyar da ta fito daga ƙwaƙwalwa ba tare da ya yanka kowa ba. 'Yar fitilar da ake leƙawa da ita, Helmholtz na Jamus ya fito da ita tun wajen 1851, kuma a 1860 wani likitan ido na Jamus, Albrecht von Graefe, ya bayyana wannan kumburi a masu ƙari a ƙwaƙwalwa. Wato ilimin ya fi shekara 160 a hannun mutane. Mai irin wannan matsi yakan tashi da ciwon kai da asuba, ya yi amai ba tare da ya ci wani abu ba, ciwon ya ƙaru in ya yi tari ko ya sunkuya. Ganinsa yakan ɗauke na daƙiƙu kaɗan in ya miƙe tsaye, ya dawo kamar an kashe fitila an kunna. Wani kuma ya fara ganin abu ɗaya ya zama biyu. Da farko karatunsa a allo ba ya canjawa ko kaɗan. In aka bar kumburin ya daɗe, zaruruwan su mutu, bakin jijiyar ya yi fari fat.

Ta uku ita ce ƙarin da ya tsiro a can baya, a kan hanyar da saƙon yake bi zuwa ƙeya ko a ƙeyar kanta. Wannan yana ɗauke ɓangare guda daga idanu biyun, misali duk abin da ke hagu. Mutum ya riƙa tsallake farkon layi in yana karatu, ko ya riƙa gogar mota ta gefe ɗaya kullum.

Dalilin da ya sa nake ɗaukar zafi a kan jinkiri shi ne jijiyar gani ba ta sake tsiro. Yanar ido ana cire ta ko ta shekara goma, mutum ya buɗe ido ya ga jikokinsa. Jijiya ba haka take ba. Zaren da aka danne amma bai mutu ba zai iya farfaɗowa in an ɗage masa nauyi, wani lokaci cikin kwanaki kaɗan. Wanda ya mutu ya tafi ke nan. Yawancin waɗanda aka yi wa tiyatar ƙarin fituwitari ganinsu yana gyaruwa, amma yawan abin da zai dawo ya danganta da yawan zaren da aka tarar da rai. Yanzu har akwai na'urar da take auna kaurin waɗannan zaruruwa a bayan ido kafin tiyata, ta ba likita haske a kan abin da za a sa rai. Kowane watan da aka ɓata ana canja tabarau, daga wannan kaurin ake zaftarewa.

Kuma abin takaicin, da yawa daga cikin ƙarin da suke cin ganin matasa suna da magani. Tiyatar fituwitari yawanci ta hanci ake bi, ba a fasa ƙoƙon kai, an kuma fara ta tun 1907 a hannun wani likita mai suna Schloffer a ƙasar Ostiriya. Nau'in da ya fi yawa a cikin masu fitar da sinadari, wato mai zubo sinadarin nono fiye da kima, sau da yawa ko wuƙa ba ya buƙata. Ƙwayar magani irin kabagolin tana sa shi ya motse, gani ya buɗe. Wannan nau'in yana ba da sanarwa tun kafin ya taɓa ido, in da mai sauraro. Mace haila ta ɗauke mata ba ciki, ko nono ya riƙa zuba ba ta shayarwa. Namiji kuwa sha'awarsa ce take raguwa, ƙarfinsa ya ja baya, kuma tunda wannan ba maganar da saurayi yake son furtawa ba ce, a maza akan gano shi bayan ya yi girma. Wani nau'in yana sa hannu da ƙafa da haɓa su yi ta girma bayan mutum ya gama tsayi, zobe ya daina shiga, takalmi ya matse. Ka ga matsalar: budurwar tana wajen likitan mata saboda haila, tana wajen mai tabarau saboda gani, tana shan maganin ciwon kai da kanta, ba wanda ya haɗa ukun wuri ɗaya. Tambaya biyu daga bakin kowane ɗayansu da ta wadatar.

Akwai kalmar da nake ganin tana yaudarar mutane, ita ce cewa ƙarin ba na daji ba ne. Iyali suna jin haka sai su yi ajiyar zuciya, su ce to ba gaggawa. Gaskiya ne ba ya bazuwa zuwa huhu ko hanta. Amma a cikin akwatin da ba ya buɗewa, wurin da abu ya zauna ya kan fi sunansa muhimmanci. Ƙarin fituwitari, da wanda yake tsirowa a fatar da ta lulluɓe ƙwaƙwalwa, wanda ya fi kama mata har wani lokaci ya ƙara girma da juna biyu, da wani mai ruwa-ruwa da yake fitowa kusa da mahaɗar jijiyoyin tun ƙuruciya, dukansu ana lissafa su cikin marasa daji, dukansu kuma suna makantarwa. Ƙarin fituwitari ma yakan yi jini a cikinsa farat ɗaya, mutum ya ji ciwon kai irin wanda bai taɓa ji ba, gani ya faɗi cikin sa'o'i. Wannan ba ya jiran gobe.

Na san abin da za a ce mini, kuma masu faɗar ba su yi ƙarya ba. Ƙari a ƙwaƙwalwa abu ne da ba kasafai ake samu ba. Cikin matasa masu ciwon kai, mafi yawansu nesa ba kusa ba gajiya ce, ko rashin barci, ko ciwon ɓarin kai. Cikin masu gani dishi-dishi, mafi yawansu tabarau ne maganinsu. Hukumar Lafiya ta Duniya da kanta ta ce manyan dalilan raunin gani a duniya su ne rashin tabarau da yanar ido. In aka ce kowa a ɗauke shi hoton ƙwaƙwalwa na MRI, na'urorin ba za su isa ba, masu buƙata na gaske su rasa layi. Bugu da ƙari, mutane da dama suna yawo da 'yan ƙananan ƙari a fituwitari da ba za su taɓa yi musu komai ba har su mutu, in hoto ya nuna su sai a jefa lafiyayye cikin fargaba. Akwai ma wani ciwon da yake kawo matsi a kai da kumburin jijiya ba tare da ƙari ba, wanda ya fi kama mata matasa masu jiki. Duk na yarda. Ni ma ba na son a mayar da kowane mai ciwon kai majinyaci.

Amma ni ba hoto nake nema wa kowa ba. Abin da nake nema shi ne matattarar da za ta ware wanda yake buƙatar hoton, kuma matattarar ba ta cin komai sai minti biyu ko uku. A rufe ido ɗaya, a kawo yatsu daga kusurwa huɗu. A haska fitila a ga yadda ƙwayar kowane ido take tsukewa. A nuna jan abu, a tambaya ko jansa ɗaya ne a idanu biyun, domin jijiyar da aka danne takan fara da dusashe launin ja. A leƙa bayan ido. Gwajin yatsu ba ya kama komai da komai, ƙaramin gurbi yakan kuɓuce masa, shi ya sa in akwai shakka sai a tura mutum ga na'urar auna faɗin gani. Amma ko shi kaɗai ya fi babu nesa ba kusa ba. Kuma akwai ƙa'ida ɗaya da nake ganin ya kamata a rubuta a bangon duk ɗakin da ake gwada ido: matashin da tabarau bai kai ganinsa inda ya kamata ba, ko ya dawo karo na biyu da kuka iri ɗaya, kada a ƙara masa ƙarfin gilashi a sallame shi, a nemi dalili. Ido bai isa ya lalace haka kawai a shekara 25 ba.

Wani abin da yake ba ni haushi shi ne yadda waya ta zama amsar kowace tambaya. Ciwon kai, waya. Gani ya ragu, waya. Barci, waya. Kallon waya ko kwamfuta na dogon lokaci yana gajiyar da ido, yana busar da shi, ban musa ba. Amma ba ya ɗauke rabin ɗaki, ba ya sa amai da asuba, ba ya tsayar da haila. Amsa ce mai daɗin faɗa saboda tana ɗora laifin a kan mai ciwon, ta rufe maganar, shi kuma ya koma gida yana jin kunyar sake dawowa.

Mu ma da ke kusa muna da namu kason. Mu ne muka ga yana bugun ƙyaure, muka yi dariya. Shi mai ciwon ba ya ganin abin da ba ya gani, na gefensa ne suke gani. Gwajin nan kowa zai iya yi a ɗaki: ka rufe ido ɗaya, ka kafa ɗayan a kan abu guda, ka lura ko gefe da gefe suna nan, sannan ka canja. Ni tun daga wancan lokacin nakan yi, ba don tsoro ba, kamar yadda mutum yake taɓa aljihu ya ji makullinsa.

Sai kuma waɗanda aka makara a kansu, waɗanda su ne aka fi saurin mantawa. An yi tiyata, hoto ya nuna ƙari ya fita, likitan ƙwaƙwalwa ya ce an yi nasara, kuma a wajensa nasara ce. Likitan ido ya ce jijiya ta bushe, ba abin da zai iya. Kowa ya gama aikinsa. Aka bar ɗan shekara 24 a tsakiyar karatu ko farkon aiki, idanunsa a buɗe tar kamar na kowa, har wasu suna zargin ko da gangan yake yi. Wasu ma sai sun sha sinadaran da fituwitari ta daina samarwa har ƙarshen rayuwa. Wasu kuma sukan riƙa ganin siffofi da fuskokin da babu su, abin da aka sani tun 1760 da wani masani mai suna Charles Bonnet ya bayyana shi a kan kakansa, ƙwaƙwalwa ce da ta rasa saƙo take ƙirƙiro nata. In ba a gaya wa mutum tun da wuri ba, sai ya ɓoye, yana zaton hankalinsa ne ya fara taɓuwa.

A ganina bai kamata a sallami irin wannan matashi daga asibiti ba sai an haɗa shi da wanda zai koya masa tafiya da farar sanda, da juya kai don cike gefen da ya rasa, da amfani da manhajar da take karanta rubutu da murya. Wayoyin yau suna zuwa da ita a ciki, TalkBack a wasu, VoiceOver a wasu, a kwamfuta kuma akwai NVDA kyauta. Abin da ya rage shi ne mai nunawa, da makaranta ko wurin aikin da zai riƙe masa gurbinsa na 'yan watanni. Sannan a faɗa masa gaskiya a kan tuƙi, ko da ba zai so ji ba, domin wanda ya rasa ganin gefe yana iya karanta lambar motar da ke gabansa sarai, bai ga mai tsallakawa ba.

Ƙanen abokin nawa an yi masa aikin ta hanci. Kwana uku bayan haka ya ce wa yayansa ashe ɗakin da aka kwantar da shi yana da taga ta dama. Idon dama ya dawo kusan duka. Na hagu, wanda ya fi daɗewa a danne, gefensa bai dawo ba, kuma likita ya ce kada a sa rai. Ya koma aikinsa, ya ajiye tuƙi. In za mu yi tafiya tare yanzu, ni ke komawa damansa, shi kuma har yau bai yar da tabarau biyun nan ba, suna cikin aljihun teburinsa.